Kundin gwajin mutuwar inji a ƙaramin jirgina mai injin lantarki huɗu

3 ga Fabrairu

Jirgin ya riga ya tashi sau tara lafiya lau, amma duk da injinansa huɗu suna aiki. Daga yau abin da nake son sani shi ne halinsa idan ɗaya ya mutu, kuma ina so in sani tun ina ƙasa.

Ga yadda yake. Mutum ɗaya yake ɗauka. Kowane fiffike na da inji biyu, na ba su lamba 1 zuwa 4 daga hagu. Kowane inji kilowat 5 ne, da farfelarsa da kwantirolarsa, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke shigarsa. Na ciki biyu suna santimita 90 daga tsakiyar jirgi, na waje biyu mita 1.9. Batir biyu ne, kowanne sel 14 a jere, volt 58.8 idan ya cika. Na gina shi ne bisa ma'aunin dokar Part 103 ta Amurka, wadda ta fito a 1982: jirgi ba matuƙi kada ya kai fam 254, wato kilo 115, kada gudunsa a miƙe ya wuce kilomita 102 a awa, kuma ya iya riƙe kansa a sama har gudu ya sauko kilomita 44. Yau na ɗora shi a sikeli da batirinsa, kilo 112.4. Saboda haka duk gyaran da gwajin nan zai jawo, da giram zan biya shi, kuma abin da ke hannuna bai kai kilo uku ba.

Masu taimaka min biyu ne: ƙanena, da wani dattijo da ya yi shekaru yana koyar da tuƙin jirage masu inji biyu kafin ya huta. Baba nake ce masa.

6 ga Fabrairu

Mun ɗaure wutsiya da igiya a jikin turke, muka sa sikelin rataye a tsakani. Kowane inji shi kaɗai yana jan kilo 22 a tsaye, na 3 ya gaza da rabin kilo. Ba wani abu.

8 ga Fabrairu

Baba ya zo ya zauna da zanen wayoyin, ya sa tabarau, ya bi jan layi da yatsa daga batir zuwa fiffike. Can ya ɗago.

"Ɗana, batirin hagu me yake ci da shi?"

"Inji 1 da 2, Baba."

"Na dama fa?"

"3 da 4."

"To ai ba inji huɗu gare ka ba. Biyu ne, ka raba kowanne gida biyu."

Na yi shiru, don na san inda ya dosa. Na haɗa su haka ne saboda waya ta yi gajarta, nauyi ya ragu. Amma idan fis ɗin batirin hagu ya tsinke, ko na'urar da ke kare batir ta ga dama ta yanke wuta, fiffiken hagu gaba ɗaya zai yi shiru, na dama yana ja da dukkan ƙarfinsa. Mun buga lissafin a bayan takardar. Ƙarfin da ke murɗa hancin jirgi shi ne jan inji sau nisansa daga tsakiya. Na ciki, 22 sau 0.9, kusan 20. Na waje, 22 sau 1.9, kusan 42. Su biyun tare, 62. Faifan wutsiyata, wanda nake juyawa da fedar ƙafa don karkata hanci hagu ko dama, ba shi da abin da zai tare wannan a gudun tashi.

Da daddare na koma na sake duban jiragen da suka riga ni. Lazair na Dale Kramer a Kanada, wanda ya mayar da ɗaya mai lantarki a 2011, injinansa biyu suna manne kusa da matuƙi. Cri-Cri na Michel Colomban a Faransa kuwa a gefen hanci suke, kamar kunnuwa, kuma da irinsa mai lantarki Hugues Duval ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila a 2015. Duk sun matso da injina tsakiya, kuma ba don ado ba. Masu kai inji can bakin fiffike su ne irin NASA da X-57 ɗinsu, wanda aka tsara masa inji 14, aka rufe aikin a 2023 bai taɓa barin ƙasa ba. Ni da na baza nawa har mita 1.9, sai in ɗauki abin da na saya.

9 zuwa 14 ga Fabrairu

Sauya wayoyi. Yanzu batir A na ci da 1 da 4, batir B na ci da 2 da 3. Duk wanda ya faɗi a cikinsu, ƙarfi zai ragu rabi amma daidai a ɓangarorin biyu. Sai da na buɗe rufin gaban fukafukan kafin waya mai kauri ta wuce, don kowane inji na zuƙar amfiya 100 a cikakken totur. Kwana shida, giram 600. Nauyi 113.0.

17 ga Fabrairu

Ranar asara.

Na so in gwada faɗuwar batir gaba ɗaya. Jirgi a ɗaure, injina huɗu a cikakken totur, na ce wa ƙanena ya buɗe babban makunnin batir B. Yana buɗewa sai muka ji "tas", kamar an fasa leda, hayaƙi fari ya fito daga ƙarƙashin fiffiken dama. Na ja totur baya, muka kashe komai, muka ja da baya muna kallon batir. Alhamdulillahi ba shi ba ne. Kwantirolar inji 3 ce: kafasita biyu, 'yan gwangwanayen da ke adana wuta a cikinta, sun buɗe baki, allon ya yi baƙi, warin nan na ƙonannen roba har cikin maƙogwaro. Ta inji 2 ba ta nuna komai a ido ba, amma da na auna, ita ma ta tafi.

Laifina ne, kuma abu ne da na sani a karatu na manta a aiki. Injin lantarki da ke juyawa janareta ne. Kwantirololin an saita su da birkin da ke mayar da wuta cikin batir. Da aka yanke batir farfela na kan gudu, sai suka ga wuta ta ɓace, suka shiga rage gudu, ƙarfin juyawar farfelu biyu ya koma wuta, ba batirin da zai shanye ta. Volt ya haura abin da kafasita za su iya ɗauka. Tunda 2 da 3 layi ɗaya suke, tare suka sha.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, da a sama fis ya tsinke, haka za a yi. Batir ya faɗi, sannan ya tafi da kwantirola biyu, ko an dawo da wuta ba mai tashi.

Asara: kwantirola biyu, fulogi ɗaya da ya narke. Na yi odar sababbi, da ta uku ta ajiya.

20 ga Fabrairu

Jira. Na cire birkin mayar da wuta daga saitin kwantirola 1 da 4. Na saka wa kowane layi diyod mai shanye haurawar volt, kuma kowane inji ya sami fis nasa daban, don wanda ya yi shot kada ya ja ɗan'uwansa. Giram 150.

24 ga Fabrairu

Tunda jirgi ba ya motsi, muka yi gwajin farfela a mota. Mun kafa inji 4 a kan sanda a saman mota mai buɗaɗɗen baya, nesa da iskar da jikin motar ke murɗawa, da sikeli a gindin sandar, ƙanena na tuƙi a titin jirgi da gudun kilomita 70 a awa, ni ina baya ina karanta lamba.

A jiragen fetur kowa ya san ƙa'idar: farfelar mataccen inji da iska ke juyawa ta fi tsayayya jawo turjiya, saboda iska ce ke wahalar juya fistin. Shi ya sa manyan jirage masu inji biyu ke iya murɗa ruwan farfela ya fuskanci iska a kaifinsa. Na zo da wannan a kaina, har na yi niyyar sa birkin da zai tsayar da farfela cak. Sikeli ya ce ba haka ba. Farfela a sake, tana juyawa ba abin da ke riƙe ta, giram 800. A ɗaure da igiya, ba ta motsi, kilo 1.3. Amma da na haɗa wa wayoyin injin lodi, ya zama iska na juya shi yana turjewa, sai lambar ta haura kilo 3. Injin lantarki ba shi da matsin fistin, idan aka sake shi kusan ba ya riƙe komai. Mugun hali shi ne na tsakiya: bai tsaya ba, bai saku ba. Kuma irin wannan halin ake iya faɗawa idan kwantirola ta ƙone ta ciki ta bar wayoyi a haɗe, ga zafin da zai taru a cikin injin.

Wannan ma'aunin farfelata ne, mai wata irin farfela sai ya auna tasa. Na fasa birki. Abin da za a yi wa mataccen inji shi ne a yanke shi a sake shi.

1 ga Maris

Kwantirola sun iso. Sakawa da saiti. Mun maimaita gwajin 17 ga Fabrairu, da rabin totur tukuna, sannan cikakke. Injinan sun mutu salin alin, aka mayar da makunni suka tashi. Nauyi 113.15.

3 ga Maris

Yau ƙanena ya biya kuɗin abincinsa na shekara.

Mun tsara wasa: ina zaune a kujera, jirgi a ɗaure, injina a rabin totur, shi kuma yana cire waya ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ya ga dama, mu rubuta abin da ya faru. Wayar umarnin inji 1: inji 1 ya tsaya bayan rabin daƙiƙa, daidai. Wayar auna zafi: lamba ta ɓace a allo, inji ya ci gaba, daidai. Haka muka yi ta tafiya har goma sha ɗaya. Sai ya leƙa bayan kujera.

"Yaya, wannan 'yar jar fa?"

"Ciro ta."

Duka huɗun suka yi tsit lokaci ɗaya. Ba abin da ake ji sai farfelu na ƙarasa juyi.

'Yar wayar ba ta kai kaurin tsinken ashana ba. Daga ƙaramar na'urar da ke sauke wutar batir zuwa volt 5 ta fito, ita ke ba wa ma'aunin totur da allon da ke raba umarni wuta. Guda ɗaya ce tak, kuma daga batir A take sha. Ke nan duk kwana shidan da na yi ina raba manyan wayoyi, faɗuwar batir A za ta kashe har injinan batir B. Ranar 17 da ranar 1 duk batir B muka yanke, shi ya sa ba mu gani ba. Sau tara na tashi rayuwata na rataye a wannan 'yar wayar, da fulogin da ba shi da ko makulli.

Na jima zaune a kujerar ban sauko ba.

Baba da na kira shi bai yi mamaki ba. Ya ce in ɗauki takarda in rubuta duk abin da yake guda ɗaya a jirgin wanda injina huɗu suka dogara da shi. Na samu huɗu: na'urar volt 5, ma'aunin totur, allon raba umarni, da wayar ƙasa da suka yi tarayya a kanta. Sai ya ce in ƙara na biyar. Na ce me? Ya ce, "Kai."

4 zuwa 10 ga Maris

An raba komai gida biyu. Kowane batir da na'urar volt 5 tasa, hannun totur ɗaya amma ma'auni biyu a jikinsa, allo biyu, kowanne da injinansa biyu. Fulogai duk na sauya su da masu makulli. Giram 180. Mun sake wasan cire waya daga farko, 34 gaba ɗaya, ba wadda ta kashe fiye da inji biyu, kuma duk inda biyu suka mutu, hagu da dama ne.

13 ga Maris

Gardama da Baba, kusan awa biyu. Na zo da dabarar da nake alfahari da ita: a rubuta wa allon umarni cewa idan inji 1 ya mutu, ya kashe 4 da kansa nan take, jirgi ba zai murɗa ba ko kaɗan. Baba ya ce in yi masa lissafin hawa.

Jirgin na bukatar kusan kilowat 8 don ya tsaya a miƙe. Da abin da ya ragu ake hawa. Inji huɗu, 20, ragowa 12. Inji uku, 15, ragowa 7. Inji biyu, 10, ragowa 2. Rabin ƙarfi ya tafi, amma hawa ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Ya ce haka abin yake a ƙananan jiragen fetur masu inji biyu, kuma nan ne ɗalibai ke shan mamaki. "Kana mita 20 daga ƙasa, itatuwa a gabanka, inji ɗaya ya mutu, sai kwamfutarka ta taya shi ta kashe maka na biyu? In kuma ma'auninta ne ya yi ƙarya, ta kashe maka lafiyayye a banza?"

Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. Har yanzu ina ganin kwamfuta ta fi ƙafata sauri, kuma da injinan sun kai takwas da ban saurare shi ba. Amma a huɗu lissafinsa ya fi nawa. An ajiye dabarar. A madadinta na sa fitilu huɗu a saman allo, a jere yadda injinan suke, kowacce na kamawa ja idan juyin injinta ya gaza abin da totur ya nema. Giram 70. Nauyi 113.4.

15 ga Maris

Gwajin kunne. Da hular kwano a kaina, ƙanena na kashe inji ɗaya ba sanarwa, ni in faɗi wanne. Ba fitila, sau goma na canka huɗu, biyu daga ciki ma sa'a ce. Injin fetur kan yi tari kafin ya mutu, wannan kuwa shiru yake tafiya, sauran ukun su rufe shi da ƙararsu. Baba ya ce in bar kunne, in bar ma fitila a daƙiƙar farko: in taka feda in miƙar da hanci, ƙafar da ta zauna ba aiki, ɓangarenta ne ya mutu. Fitila ta tabbatar daga baya.

19 ga Maris

Gudu a ƙasa. Na sa makunni huɗu masu murfi a gefen hagu don kashe inji da hannu. Na ciki a gudun 30, ɗan taka feda ya isa. Na waje a rabin totur, ya isa da ƙyar. Sai na yi gangancin gwada na waje a cikakken totur, gudun 35. Hanci ya fizge hagu kamar an ja shi da igiya, na taka fedar dama har ƙasa, ko gezau. Iskar da ke bi ta kan wutsiya a wannan gudun ba ta da ƙarfi, don ƙarfin faifan da murabba'in gudu yake tafiya: rabin gudu, rubu'in ƙarfi. Maimakon in ja totur baya nan take, sai na tsaya kokawa da feda, daƙiƙa biyu ko uku. Na tsinci kaina a cikin ciyawa, tayar wutsiya ta lanƙwashe, farfelar 1 ta sari wani kututture ta tsage a baki.

Ni ban ji ciwo ba. Asara: farfela ɗaya, ƙarfen tayar wutsiya. Na rubuta a takarda na manna a allo: muddin taya na ƙasa, ko me ya mutu, totur baya duka.

20 zuwa 27 ga Maris

Gyara. Sabuwar farfela, an daidaita nauyin ruwanta. Na duba sandar injin 1 da ma'auni, ba ta karkace ba. Iska ta hana tashi kwana uku.

29 ga Maris

Tashin farko na gwaji, da sassafe, iska kwance. Na hau mita 700 a saman filin, inda ko duka huɗun suka mutu zan sauko a hankali in sauka. Baba na ƙasa da rediyo. Hawan kawai ya cinye fiye da sulusin batir, saboda haka minti shida na ba kaina.

Inji 2, a gudun 75, rage shi a hankali har sifili. Hanci ya ɗan leƙa hagu, feda kaɗan, shi ke nan. Inji 3 haka. Na mayar da su, na sauko. Baba bai bar ni na taɓa na waje ba yau.

2 ga Afrilu

Inji 1 a kashe, sauran a cikakken totur, farawa daga gudun 75, ina ɗaga hanci gudu na sauka biyar biyar. A 70 rabin feda. A 65 kashi uku cikin huɗu, cinyata ta fara rawa. A 60 saura ƙiris. A 58 feda ta taɓa ƙarfe, hanci ya ci gaba da zamewa hagu a hankali, fiffiken hagu ya fara nauyi. Na sauke hanci na rage totur kamar yadda muka yi ta maimaitawa a ƙasa, ya dawo nan da nan.

Zagaye na biyu Baba ya ce in kwantar da jirgin kaɗan wajen injinan da ke aiki, kada ya wuce digiri 5. Da haka na riƙe shi har 54. Hawa da inji uku, mita 1.6 a daƙiƙa, a gudun 68.

Ga inda matsalar take. Fiffikena na daina ɗauka a 43, kuma duk tashin da na yi a baya a 52 nake barin ƙasa. Ke nan tsakanin 52 da 58 akwai 'yan daƙiƙu a kowane tashi da jirgin ke sama amma in inji na waje ya mutu ba ni da wutsiyar da zan riƙe shi. Na ja jan layi a kan 58 a agogon gudu, shuɗi a kan 68, kamar yadda ake yi wa jirage masu inji biyu. Daga yau ba na ɗaga hanci don hawa sai allura ta wuce 63.

5 ga Afrilu

Inji 4, an maimaita. 57. Farfelun hagu da na dama saɓanin juna suke juyawa, don haka ban sa ran bambanci mai yawa ba.

9 ga Afrilu

Batir B a kashe, inji 1 da 4 kaɗai. Jirgi a miƙe sumul, ba murɗawa. Hawa kuwa sai a hankali, mita 0.3 a daƙiƙa, in ka yi atishawa ya koma sifili. Bayan minti biyu da rabi sai fitilar 4 ta fara ƙiftawa, hanci ya soma jan dama. Kwantirolarsa ta yi zafi ta rage wa kanta ƙarfi, ta 1 kuwa ba ta rage ba. Na mayar da batir B na sauko. A ƙasa na ga dalili: sabuwar wayar da na ratsa da ita a Fabrairu ta tare rabin ramin da iska ke shiga ta sanyaya ta.

Abin yi kafin tashi na gaba: a kauce da wayar, a faɗaɗa ramin iska a duka huɗun, a maimaita gwajin yau har minti biyar. Bayan haka faifan wutsiya. Na zana ƙarin santimita 12 a bayansa, lissafi ya ce zai sauko da jan layin kusa da 52, zai ci giram 700 tare da ɗan nauyin da za a ƙara a hanci. Zai kai ni 114.1. Gwajin inji 1 da 2 tare, wato fiffike guda a mace, Baba ya ce ba yanzu ba, sai sabon faifan ya hau kuma an sake auna jan layin daga farko. Ƙanena ya tafi da tsohon faifan zai ciro ma'aunin haƙarƙarinsa gobe.